Kujerar Kusa da Direba

A shekarun da mota ta fara yawa a Kumasi, bayan annobar da ta sa aka rushe tsohon Zongo aka gina sabo, akwai wani mutum mai rumfar goro a kasuwa, sunansa Awalu. Kafin ya zauna a rumfa ya daɗe yana tuƙa lori a hanyar Arewa, saboda haka hannunsa ya san sifana kamar yadda ya san ganyen goro. Mutum ne mai sanyin murya. In ka gaishe shi, sai ya amsa maka kamar mai gudun tada wani daga barci.

Awalu ɗan fari ne, ka kuwa san yadda ake yi da ɗan fari a wurinmu. Uwarsa, Mma Habsa, ba ta taɓa kiran sunansa ba. Ana yaye shi kakarsa ta ɗauke shi ta tafi da shi Salaga, can ya girma, bai dawo Kumasi da zama ba sai da gemu ya fito masa. Da annoba ta ɗauke ubansa da ƙanwarsa Memuna, shi ya gina gida a sabon Zongo ya kawo tsohuwar wurinsa. Gida ɗaya suke kwana, amma tsakar gidan nan kamar kogi take a tsakaninsu. Da safe zai durƙusa a bakin ƙofarta ya ce, "Mma, ina kwana?" Ita kuma ta juya fuska ta amsa wa bango. In tana da magana sai ta ba matarsa Barkisu, ko da yana tsaye a wurin: "Ki ce wa mai gidan nan rufin madafa yana yoyo." Ba ta zama a tabarmar da ya zauna, ba ta cin abinci yana gani. Kunya ce irin ta iyaye, kowa ya sani, shi ma ya sani. Duk da haka, amsar nan da ake ba bango kowace safiya, da ita yake buɗe rumfa. Ya yi ƙuruciyarsa duka bai samu ko ita ba.

To, sai gyambo ya fito wa Mma Habsa a ƙwauri. Aka yi na gida aka gaji, aka kai ta asibiti can wajen Bantama. Mai wankin miki ya ce kullum da safe sai ta zo an wanke an ɗaure. Tsohuwa ta ɗauki sanda. Ta gangara daga Zongo, ta ratsa kasuwar Kejetia, ta hau tudu, ta dawo da rana tsaka ƙafar ta kumbura ta ninka yadda ta fita. Abin da aka gyara da safe, tafiya ta ɓata shi kafin azahar.

Ƙanin Awalu, Jibirin, tela ne a Bantama, gidansa jifa kaɗan da asibitin. Ya zo ran wata Juma'a ya zauna kusa da uwar a tabarma ɗaya, ta ja masa kunne ta ce ya rame, suka ci gyaɗa a faifai ɗaya suna dariya. Awalu yana daga nesa a kan turmi yana gyaran igiyar guga da ba ta lalace ba.

Da Jibirin ya tashi tafiya ya ce, "Yaya, Mma ta dawo wurina kawai. Daga ƙofata ana hango ƙofar asibiti."

Awalu ya ce, "A'a. Ka bar min ita."

"Na bar maka ita, ƙafar fa?"

"Zan sayi mota. Ni zan riƙa kai ta ina dawowa da ita."

Jibirin ya dube shi ya ce, "To, yi da sauri. In ƙafar nan ta ƙara lalacewa, da kaina zan zo in goye ta."

Washegari Awalu ya je ya ɗauko abokinsa Kimba, makaniki, Bazabarme, wanda a bakinsa komai namiji ne, har mota. Tare suka yi zaman lori shekara da shekaru. Kimba ya ce ya san motoci biyu da ake son rabuwa da su.

Ta farko ta wani Balaraben Sham ce mai kantin yadi. Baƙa ce, doguwa, mai ƙofa huɗu, fentinta ya koɗe. Kimba ya zagaye ta yana buga tayoyin da ƙafa. Ya sa aka tada inji, ya ɗora kan sifana a jikinsa ya kara ɗaya kan a kunne, ya lumshe ido kamar mai sauraron wa'azi. Ya koma baya ya shinshina hayaƙi. Sannan ya miƙe yana murmushi.

"Awalu, wannan shi ne mota. Ka ba shi ruwa, ka ba shi mai, shi kai ka Tamale shi dawo. In ya lalace, waya da tsumma sun isa. Kayansa kuwa, ko a wurin mai sayar da albasa ka tambaya za ka samu. Dubi cikinsa yadda ya yi sama da ƙasa. Kwatar Zongo ba ta isa ta taɓa shi ba."

Awalu ya shiga ya kama sitiyari. Komai daidai. Sai ya waiwaya ya dubi kujerar baya. Faffaɗa ce, mai laushi, can nesa. Ya ga inda Mma za ta zauna, a kusurwa, fuskarta wajen taga, mayafi ya rufe rabinta. Tsakar gidansu ce aka ɗora a kan taya huɗu. Ya fito a hankali ya ce su je su ga ɗayar.

Ɗayar tana unguwar Turawa, a gidan wani Bature mai awon koko, irin na cakulan, da zai koma ƙasarsu. Koriya ce shar, gajera, ta kwanta a ƙasa kamar kada. Hancinta dogo, bayanta ya tsuke kamar na kwalekwale, ƙafafunta na waya irin na keke. Rufinta tamfol ne da ake naɗewa. An yi ta ne don tsere, kujerunta biyu rak.

Baturen ya ɗauki Kimba don ya ji tafiyarta. Suka ɓace da ƙara kamar an yaga sabon yadi. Da suka dawo Kimba ba hula a kansa, idonsa ya yi ja, yana ta salati.

"Hulata tana hanyar Mampong," in ji shi. "Duk wanda ya tsinta na yafe masa."

Da numfashinsa ya dawo sai ya kama aikinsa. Ya kara sifana ya ji wata 'yar ƙara can ƙasan inji, ya girgiza kai. Ya leƙa ƙarƙashi ya ga sifirin ɗin baya ya tsage. Inda motar take kwana an zuba sabon yashi. Ya share shi da gefen takalmi, sai ga ƙasa baƙi ƙirin da mai.

"Ka gani? Shi yana fitsarin kwance. Kuma wannan ba ya son talaka koraa, ko kaɗan. In ƙusa ɗaya ya ɓace, sai an rubuta takarda, jirgin ruwa ya kawo, jirgin ƙasa ya karɓa. Ga shi ba ya iya tafiya a hankali, in ka ja shi sannu sai ya yi zazzaɓi. Mu tafi."

Awalu ya ce, "Bari dai in zauna a ciki."

Ya zauna a wajen direba. Kimba ya faɗa ɗaya kujerar yana gunaguni, kafaɗarsa ta danne ta Awalu, gwiwa ta bugi gwiwa.

"Kai Bahaushe, matsa mana! Ni ba amaryarka ba ne."

Babu wurin matsawa. Duk wanda ya shiga motar nan dole jikinsa ya taɓa na direba. Awalu ya riƙe sitiyari, yana jin ɗumin kafaɗar nan.

"Ita zan ɗauka," ya ce.

Kimba ya juyo. "Ba don tsohuwa kake neman mota ba?"

"Don ita ne."

"To ina bayan da za ta zauna?"

"Babu baya. Sai gaba."

Kimba ya daɗe yana kallonsa. Su ma a ƙasarsu suna da irin wannan kunyar, bai buƙaci a yi masa bayani ba. Ya shafa kansa da ba hula ya ce, "Allah ya sa ka san abin da kake yi."

Da la'asar motar ta shigo Zongo, cikinta ya karci kwata sau biyu kafin ta kai ƙofar gida. Sai da aka cire ƙyauren kwano na gefen gidan kafin ta shiga ta tsaya ƙarƙashin mangwaro. Barkisu ta fito da muciya a hannu.

"Wannan kwalekwalen fa? Kogi za mu koma?"

"Mota ce."

Ta zagaye ta, ta leƙa ciki, dariyar ta tsaya. Ta rage murya. "Malam, ina Mma za ta zauna?"

Ya nuna mata.

"Kusa da kai? Kafaɗa da kafaɗa? A tsakiyar Kejetia, babu ko rufi?"

"Lalura ce ai. Mara lafiya ce. Wa zai ga laifinta?"

"Ita za ta gani," in ji Barkisu, ta koma madafa.

Da safe ya wanke motar tas, ya shimfiɗa sabuwar darduma a kujerar hagu, ya juya ƙarfen tada inji har gumi ya keto masa kafin ta kama. Ya buɗe 'yar ƙofar ya koma gefe ya sunkuyar da kai. Mma Habsa ta fito tana dogara sanda. Ta tsaya. Ta dubi motar, ta dubi dardumar, ta dubi inda direba zai zauna. Ba ta daɗe ba.

"Barkisu," ta ce, "ki ce wa mai gidan nan Allah ya sanya alheri, ya kiyaye hanya."

Ta raɓa ta gefen motar ta fita da ƙafa.

Awalu ya tsaya da ƙofa a hannu. Sannan ya rufe, ya shiga, ya bi ta. A ransa ya ce in ta gaji za ta tsaya, in ta tsaya ga kujera. Haka suka gangara, tsohuwa a gaba tana ɗingishi, motar tsere a bayanta tana rarrafe, tana tari, tana gurnani kamar an ɗaure kare. Dattawan da ke zaune a benci ƙofar masallaci suka bi su da ido.

Wani ya ɗaga murya, "Awalu! Yau kuma mota ce ke yi wa ƙafa rakiya?"

Matan Tonawa, 'yan asalin garin, masu sayar da borodi da ayaba a Kejetia suka riƙa tafa hannu suna kiran juna su zo su gani. Awalu bai ɗaga kai ba. A rabin tudun Bantama abin da Kimba ya faɗa ya faru: lagireto ya tafasa, tururi ya tashi fuu, inji ya mutu. Da Mma Habsa ta ji ƙarar sai ta tsaya cik a tsakiyar hanya. Ba ta waiwaya ba. Ta tsaya nan, bayanta gare shi, har sai da ta ji muryarsa yana roƙon wata mata ruwa. Da ta ji muryar lafiya lau take, sai ta ɗaga sanda ta ci gaba.

Washegari ma haka. Jibi ma haka.

Tun daga nan rumfar goro ta koma ta rabin yini. Da azahar sai ya dawo ya shimfiɗa buhu a ƙarƙashin mangwaro ya shige ƙarƙashin motar. Ya gaya wa kansa cewa ƙarar ce take tsorata Mma, da hayaƙin, da yadda motar ke mutuwa a hanya; in ya gyara ta ta yi laushi, wataƙila. Ya kwance kafireto ya jera 'ya'yansa a kan faifai. Ya wanke fulogi da fetur ya goge su ɗaya bayan ɗaya. Inda mai ke yoyo ya je wurin dukawa ya samo fata mai kauri, ya yanka daidai bakin ya ɗaure. Sifirin da ya tsage ya kai wa maƙera suka yi masa ɗauri. Ya wanke lagireto da ruwan kanwa har ya daina fitar da tsatsa.

"Malam, ina kwanon miyata?" in ji Barkisu.

"Ƙusoshi na ciki."

"To yau sai ka ci tuwo da ƙusa."

Wata rana, yana daga ƙarƙashin motar, ya ce da Barkisu ruwan rijiyar nan ne ke toshe lagireto, ruwan sama ya fi. Magana ce kawai ya yi. Da gari ya waye sai ya tarar da ƙaramin tulu a gindin tayar gaba, cike da ruwan sama, an rufe bakinsa da ƙoƙo. Ya yi wa Barkisu godiya. Ta ce, "Ni? Ni da nake addu'a ɓarawo ya zo ya ɗauke ta?" Tulun na ɗakin Mma ne, wanda take tara ruwan indararo don shanta. Daga ranar kullum sai ya same shi a wurin. Ya kan daɗe yana riƙe da shi kafin ya zuba.

Amma ba ta shiga ba.

Kimba ya zo ya ce a daina wahala a je a yi musaya da baƙar motar. Awalu ya yi ta cewa gobe, gobe. Ranar da ya ga tsumman ƙafar uwar ya jiƙe tun kafin ta kai bakin titi, ya haƙura ya tafi wurin Balaraben. An riga an sayar, tana can Mampong tana jigilar doya. Ya dawo ya ɗauko zarto da katako ya kafa wani ɗan benci a kan wutsiyar koriyar, bayan kujerun. Barkisu ta ce bari ta gwada. Sai da ta taka turmi kafin ta hau, da ta zauna kuma ta yi sama kamar mai gadin gona.

"Ni mai ƙafa biyu da ƙyar na hau," ta ce. "Sauke ni kafin maƙwabta su gani."

Ya sauke ta, ya cire bencin, ya bar ramukan ƙusa huɗu a jikin fentin.

Jibirin ya zo da yamma, ba sallama mai tsawo. Ya ce mai wankin miki ya kira shi gefe, ya ce in tsohuwar nan ta ci gaba da takawa, ƙafar ba za ta zauna a jikinta ba.

"Yaya, ka ce mota, ga mota. Ina amfaninta? Duk garin nan babu mai baya sai wannan abin wasan Turawa? Kai da ka yi shekaru a kan hanya?"

Daga cikin ɗaki muryar Mma Habsa ta fito, a hankali.

"Jibirin, ya isa. Ba a yi wa babba faɗa a gidansa." Sannan ta ce, "Barkisu, ki ce wa mai gidan nan zan koma Bantama. Ki ce ya koma rumfarsa. Ya daina bin mutane a hanya ana yi masa dariya."

Kashegari 'yan dako suka kwashe kayanta, Jibirin ya bi su, ya ce da safe zai aiko da lori. Da safen kuwa sama ta ɓalle. Irin ruwan Kumasi da ke sauka kamar ana juye ganga, kwata ta cika ta haɗe da hanya. Lori bai zo ba. Mma Habsa ta kwana da zazzaɓi, ƙafar ta yi suntum, ko tsayawa ba ta iyawa. Wankin ranar kuwa ba abin da za a tsallake ba ne.

Barkisu ta leƙa waje, ba kowa a titi, ko akuya. Ta shiga ɗakinta ta fito da zanenta na saƙi, mai shuɗi. Ta sa Awalu ya ja rufin tamfol ya ɗaure. Ta ƙulla bakin zanen ɗaya a ƙarfen gilashin gaba, ɗaya a ƙarfen rufin baya, ya sauko tsakanin kujerun biyu kamar labule. Giyar motar da birkinta dama a hannun dama suke, wajen ƙofar direba, zanen bai tare komai ba. Sannan Barkisu ta shiga wurin tsohuwar. Awalu bai ji abin da suka ce ba. Ya dai ga sun fito, Barkisu ta rungumo ta, mayafi ya rufe fuskarta duka. Ya juya baya har aka zaunar da ita aka rufe ƙofa.

Ya kama ƙarfen tada inji. A ransa yana cewa Allah ya sa motar ta ƙi tashi. Juyi ɗaya ta kama, da wata murya mai laushi da bai taɓa jin ta da ita ba.

Ya shiga. Ta bayan zanen kafaɗar Mma ta taɓa tasa. Ƙarama ce, ƙashi zalla, da zafin zazzaɓi. Yana jin ƙanshin man kaɗanya da na kanumfari. Rabonsa da kusantar jikin nan haka tun yana shan nono, lokacin da ba zai iya tunawa ba.

Suka fita. Ya sa giyar farko ya bar ta a nan. Ruwa yana dukan tamfol, yana tsiyaya ta gefe. Ya bi kowace kwata a karkace don kada cikin motar ya bugu. Suka wuce masallaci, benci ba kowa. Suka shiga Kejetia, 'yan kasuwa duk sun fake. Yana ta sauraron injin, yana jira ya yi tari, ya yi zafi, ya mutu kamar kullum, su tsaya a nan cikin ruwa ko na ɗan lokaci ne. Amma ruwan sama yana sanyaya hancinta, fulogi a wanke, kafireto a share, fatar dukawa ta riƙe mai. Duk abin da ya gyara ya gyaru.

A gindin tudu ya yi ƙarfin hali.

"Mma," ya ce wa zanen. "Ga shi kin shiga. Gobe ma sai mu yi haka. Ba sai kin zauna a Bantama ba."

Can sai ya ji ta ɗan buga ƙarfen gaban motar da yatsa, kamar mai ƙwanƙwasa ƙofa.

"Ke mota," ta ce, "ki ce wa mai ke, yau ruwa ya kulle mutane a ɗaki. Gobe rana za ta fito."

"Mma, mutane ba su..."

"Ki ce masa ba don mutane kaɗai ba ne. Haka na tarar, haka na riƙe. Memuna a cinyata ta girma, kullum sunanta a bakina, ga inda take yanzu. Shi kuwa ban taɓa nuna wa duniya shi ba, ga shi nan da ransa har yana sayen abin da ya fi ƙarfinsa. Ba zan sake hannu yanzu da tsufana ba."

Hanya ta dushe wa Awalu, ya goge ido da hannun riga ya ce ruwa ne ke shigowa.

"Ki kuma ce masa," in ji ta, muryar ta ƙara yin ƙasa, "ya riƙa cin abinci kafin ya shige ƙarƙashinki. Ina ganin kwanon yana komawa madafa yadda ya fito."

Taya ta faɗa wani rami, motar ta karkata. Nauyinta duka ya zo kansa ta bayan zanen, kanta ya sauka a kafaɗarsa. Motar ta daidaita. Kan bai ɗaga ba. Ko zazzaɓi ne ya hana ta, ko ba shi ba ne, Awalu bai sani ba, bai kuma motsa ba. Ya riƙe kafaɗar nan cik kamar an ɗora masa ƙwarya cike da nono, ya tuƙa da hannun dama kaɗai. Motar da ta cire wa Kimba hula ta hau tudun Bantama a hankali fiye da mai tallan itace, ba ta ko yi tari ba.

Jibirin yana tsaye a ƙofar asibiti da buhu a kansa. Tun kafin motar ta gama tsayawa kan ya ɗaga daga kafaɗar. Jibirin ya buɗe ƙofa ya sunkuce ta.

"Mma, a motar Yaya? Yau za a yi ruwa!"

"Ana ma yi, sakarai," ta ce. "Riƙe ni da kyau, Jibirin."

Suka shige. Ba ta waiwaya ba, shi ma bai sa rai ba.

Ya dawo Zongo shi kaɗai. Ruwa ya tsagaita, mutane sun fara fitowa, wani ya ɗaga masa hannu bai gani ba. Ya shigar da motar ƙarƙashin mangwaro ya kashe inji, ya zauna a ciki. Ƙofar ɗakin Mma a buɗe take, an naɗe tabarma. A gindin bishiyar ga ƙaramin tulun nan. Da aka kwashe kayanta jiya, shi ta ce a bari. Ruwan sama ya cika shi har yana zuba.

Ƙafar ta warke a hankali, ba a yanke ba. Mma Habsa ba ta dawo Zongo da zama ba, ba ta kuma sake shiga motar ba. Kullum da safe, kafin ya buɗe rumfa, akan ga koriyar ta hau tudun Bantama, ta tsaya ƙofar gidan tela. Mai ita ya fito ya durƙusa a bakin wata ƙofa, a amsa wa bango, ya tashi ya dawo. Mutane suka saba, har suka daina dariya.

Amma wannan daga baya ne. A ranar dai, yana zaune a cikin motar har Barkisu ta fito da kwano a hannu ta tsaya kusa da ƙofar.

"Malam, ga abinci. Ka kwance min zanena in shanya, ya jiƙe."

Ya dubi zanen. Wajen kafaɗa ya ɗan lotsa, inda kan ya kwanta.

"Bar shi tukuna," ya ce.

Ta dube shi, ta dubi zanen. Ta miƙa masa kwanon ta saman ƙofa, ya karɓa ya ɗora a cinya, ya wanke hannu da ruwan tulun, ya fara ci.